Nauyi Ya Fi Ƙashi Saurin Girma

'Ya'yana, tun a firamare aka koya muku cewa in mudun gero ɗaya naira kaza ne, mudu biyu ninkinsa ne, mudu goma ninki goma. Lissafin daidai yake, a kasuwa ba zai ba ku kunya ba. Inda yake kwance wa mutum zane shi ne in an fito da shi daga kasuwa an kai shi jikin abu mai rai, ko jikin gini. Na daɗe ina kallon samari da 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa suna asarar kaji, suna kashe dashen itace da hannunsu, suna cutar da jikinsu da na ƙannensu, kuma in ka bi sawun ɓarnar sai ka tarar tushenta ɗaya. Sun ɗauka babban abu ƙaramin abu ne da aka ninka. Ban ga laifinku ba, ba a zaunar da ku an nuna muku ba ne.

Ɗana, shiga madafa ka roƙi mahaifiyarka dunƙulen magi, irin wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suka zo ɗaya. Fuska shida gare shi, a kan ɗaya yake zaune. To gina wanda ya ninka shi ta kowane ɓangare. Biyu ba za su ishe ka ba, huɗu ma haka, sai takwas, huɗu a ƙasa huɗu a bisansu. Nauyi ya ninka sau takwas ke nan. Leƙa ƙasa ka ƙirga fuskokin da ke zaune a kan faranti, huɗu ne kacal, kowace tana ɗauke da nauyin dunƙule biyu bayan a da ɗaya take ɗauka. Sake ƙirga fuskokin da ke waje gaba ɗaya, za ka samu 24. Raba su ga dunƙule takwas, kowane ya tashi da uku, alhali da yana shi kaɗai shida gare shi. Da za ka ninka shi sau goma, nauyi ya tashi sau dubu, gindi kuwa sau ɗari. Duk abin da zan faɗa maka daga nan, daga wannan farantin ya fito: in abu ya girma, nauyinsa kan tsere wa gindin da ke ɗauke da shi, ya kuma tsere wa fatar da ke fitar masa da zafi.

Wanda ya fara rubuta wannan da hujjar lissafi shi ne Galileo, masanin Italiya, a littafinsa na 1638, lokacin ya tsufa, idonsa ya tafi, hukumar coci kuma ta tsare shi a gidansa kusa da birnin Fulorans. A ciki ya zana ƙashi biyu, ƙarami siriri da babba wanda ya ninka shi tsawo sau uku, ya nuna irin mummunan kaurin da babban zai yi kafin ya iya aikin da ƙaramin ke yi. Ya kuma lura cewa ɗan kare zai iya ɗaukar 'yan'uwansa biyu ko uku a baya, doki kuwa ko ɗaya irinsa ba zai ɗauka ba. Ƙarfin ƙashi da na tsoka a kaurinsu yake, kauri kuma da gindin magin nan yake tafiya, sau huɗu, ba sau takwas ba.

Duk wanda ya taɓa ganin giwa a Yankari ya ga wannan hukunci yana tafiya da ƙafa huɗu. Dubi ƙafarta, miƙe take sambal daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba lanƙwasa, ƙasan sawun kuma da matashin kitse mai shanye nauyi. Sannan dubi kyanwar gidanku, a tsugune take tafiya, gaɓoɓinta a lanƙwashe, ko yaushe a shirye take ta yi tsalle. Giwa mai tan biyar ko shida ba ta tsalle sam, ba ta ɗaga ƙafafunta huɗu daga ƙasa lokaci guda. Ɓera ya faɗo daga saman rumbu ya kaɗe jiki ya ruga, doki ya faɗa rami mai zurfin mutum ya karye. Tururuwa kuma da kuke mamakin yadda take jan ƙwayar dawa da ta fi ta nauyi ninkin-ba-ninki, ba wata tsoka ta musamman gare ta ba, ƙanƙanta ce ta ba ta wannan rabo.

Ko a cikin mutane haka abin yake. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, Naim Süleymanoğlu na Turkiyya, mai nauyin kilo 60, ya ɗaga kilo 190 bisa kansa, fiye da ninki uku na jikinsa. Lasha Talakhadze na Jojiya, ƙato mai kimanin kilo 180, ya ɗaga kilo 267 a 2021, abin da ba wanda ya taɓa yi, amma in ka auna da jikinsa ninki ɗaya da rabi ne kawai. Ina kawo wannan ne saboda ku sirara, masu tsayawa gaban madubi suna jin haushin halittarsu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

'Yata, ke nake so ki tsaya a nan. Na san ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, na san yadda ake miƙa su hannu da hannu gabanin biki. Da yawansu akwai maganin da likitoci ke kira dezametason, wanda aka yi don cututtuka masu tsanani. Abin da yake yi wa mai lafiya shi ne ya tara mata ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya hau da sukari da jini, a lokaci guda kuma ya riƙa zaizaye ƙashi. Ki duba haɗin nan da kyau: kaya na ƙaruwa, abin da ke ɗauke da kayan na raguwa. Kowane kilo da kika ƙara, gwiwarki kan ji shi kamar kilo huɗu a kowane taku. Na ga matan da ba su kai talatin ba suna dafa bango kafin su tashi daga sallaya. In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi dare ɗaya, wannan ma haɗari ne, ki je wurin likita ya rage miki a hankali, kuma ki faɗa masa gaskiyar abin da kike sha.

Tsawo ma da farashinsa. Robert Wadlow na jihar Illinois a Amurka, mutumin da ya fi kowa tsawo cikin waɗanda aka auna aka tabbatar, ya kai mita 2.72. Sai da ƙarfe a ƙafa yake iya tafiya, ƙarfen ne ma ya goge masa idon sawu, ciwon ya ruɓe, ya rasu a 1940 yana da shekara 22.

Yanzu bari mu shiga akurkin kaji, don nan ne na fi ganin hawayen matasa. Yaro ya tara ɗan jari, ya sayo 'yan tsakin buroila ɗari, ya yi lissafinsa a takarda: in sati shida suna kilo biyu, bari in riƙe su zuwa sati goma su zama huɗu, kuɗi ya ninka. A takarda ba abin da ya hana. Amma kazar nan an riga an tura jikinta bakin iyaka. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun yi kiwon irin kajin 1957 da irin na 2005 da abinci iri ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2014: a kwana 56, tsohon iri bai kai kilo ɗaya ba, sabon iri ya haura kilo huɗu. Ƙirji aka ninka mata, zuciya da huhu da ƙashin ƙafa ba su samu irin wannan ƙari ba. Shi ya sa daga sati na shida za ka fara ganin wasu sun zauna a kan ƙirji, in sun tashi sai su yi taku uku su sake zubewa, ƙafafu sun baje, wasu ciki ya cika da ruwa saboda zuciya ta gaza.

Sannan ga zafi. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafin jikinta, da kuma 'yar fatar da ba gashi. Tuna fuskokin magin nan da suka ragu daga shida zuwa uku. Ranar da bazara ta tsananta a watan Afirilu, wutar lantarki ta ɗauke, iska ta tsaya cik, shiga akurki da la'asar ka ga waɗanda suka mutu. Manyan ne, waɗanda ka riga ka sa wa farashi a zuciyarka, kwance baki buɗe, ƙananan kuwa suna tsaye suna shan ruwa. Shawarata, ɗana, ka sayar a kan lokaci, ka rage yawansu a ɗaki gwargwadon yadda suke girma, don filin da ya ishi 'yan tsaki ɗari ba zai ishi manyan kaji ɗari ba. Da zafi ka ba su abinci da sanyin safiya da yamma, ka bar tsakar rana ga ruwa mai sanyi, domin narkar da abinci shi ma zafi yake haifarwa. Mai turkar ragon layya ma ya ji wannan, ragon da ya fi ƙiba shi ya fi bukatar inuwa.

Giwa ta warware tata matsalar da kunne. Fatar jikinta ba ta isa fitar da zafin tan biyar ba, sai aka ba ta fanka-fankan kunnuwa cike da jijiyoyin jini, tana kaɗa su jini na hucewa. Shanun Fulani, bunaji da rahaji, dogayen ƙafafu da leɓe mai reto sun ƙara musu fata a kan nama. Wanda ya sayo saniyar Turai mai dunƙulallen jiki ya ɗaure ta a rana ya ga bambancin a ƙwaryar nono.

Ta ɗaya gefen kuma, ƙaramin jiki fatarsa ta yi masa yawa. Jariri kan rasa ɗumi da ruwa da saurin da babba ba ya yi. Wankan asuba a tsakar gida da hunturu, wanda ke, 'yata, za ki jure, shi yana iya kwantar da shi. Gudawar da za ta sa babba kasala kawai, cikin yini guda tana iya busar da yaro, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma. Kada ki jira gobe, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga zawo na farko, ki ci gaba da shayarwa, ki nufi asibiti in ya ƙi sha ko ya yi laushi.

Saboda wannan yawan zubar da ɗumi, ƙaramar dabba dole ta riƙa ƙona abinci da sauri. Zuciyar ɓera kan buga wajen sau 600 a minti, ta mutum wajen 70, ta giwa wajen 30. Jaɓa kan ci abin da ya kai nauyin jikinta a yini, giwa kuwa ciyawa da ganye kilo 150 da take ci ɗan kaɗan ne daga nauyinta. Max Kleiber, masanin kiwo ɗan asalin Suwizalan da ya yi aiki a Kalifoniya, ya fitar da ma'aunin abin a 1932. In aka sauƙaƙa shi, dabbar da ta ninka wata nauyi sau 16, abincin da jikinta ke ƙonawa sau takwas kawai ya ninka. Akuya mai kilo 25 da saniya mai kilo 400 ke nan. Makiyayi ya san akuya goma sha shida sun fi saniya ɗaya ci, ko bai taɓa jin sunan Kleiber ba.

Wannan ne ya sa lissafin magani ba na kasuwa ba ne. A 1962, a gidan namun daji na birnin Oklahoma, wasu masu bincike sun so gwada ƙwayar maye ta LSD a kan wani toron giwa mai suna Tusko. Suka ɗauki adadin da ke aiki a jikin kyanwa, suka ninka shi daidai da nauyin giwa, suka yi masa allurar miligiram 297. Minti biyar ya faɗi yana karkarwa, bai kai awa biyu ba ya mutu. Masu digiri ne suka yi wannan. To ina ga wanda zai ɓalle ƙwayar babba gida biyu ya ce ai yaro rabin mutum ne? Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama nuna ba, ba sa wanke magani yadda na babba ke yi. Farasitamol da kuke rainawa, in ya yi yawa hanta yake ci. In ma'aikacin lafiya ya ce a ɗora yaro a sikeli kafin ya rubuta magani, ba ɓata miki lokaci yake yi ba. Haka allurar dabbobi, kada ka auna wa tunkiya daga abin da ka ga an yi wa sa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Itace ma bai tsira daga hukuncin ba, nasa ma ya fi tsanani, don ba shi da ikon ya zauna ya huta. Wani masanin lissafi na Ingila, Greenhill, ya nuna a 1881 cewa kowace sanda da aka tsayar tana da iyakar tsawon da in ta wuce shi za ta lanƙwashe da nauyin kanta. Daga lissafinsa, itacen da zai ninka tsawo sau biyu sai gindinsa ya ƙara kauri kusan sau uku. Thomas McMahon na Jami'ar Harvard ya duba ma'aunin manyan itatuwan Amurka a 1973, ya tarar kaurinsu na bin wannan tsari, kuma yawancinsu sun tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon da zai karya su. Ni wannan ragowar ta fi burge ni. Itace ba ya cinye dukkan damar da yake da ita, yana barin rabon guguwa.

Akwai wata iyakar kuma, ta ruwa. Itace ba shi da zuciya mai tura ruwa sama, ganye ne ke jan sa daga saiwa yayin da rana ke tsotse danshinsa. Itacen da ya fi kowane tsawo a duniya, wani jan itace a arewacin Kalifoniya da aka gano a 2006 aka sa masa suna Hyperion, yana da kimanin mita 116. Ganyen ƙolin irin waɗannan itatuwa ƙanana ne tsumammu, kamar na itacen da ke fama da fari, alhali gindinsu na cikin danshi. Masu binciken da suka hau su suka auna sun ƙiyasta a 2004 cewa tsakanin mita 122 da 130 ne ƙarshen inda ruwa zai iya kaiwa. Raƙumin dawa na Kure a Nijar da irin wannan matsalar yake kwana, shi da jini: don ya kai shi ƙwaƙwalwa mai nisan mita biyu bisa zuciya, ƙarfin bugun jininsa ya kai ninki biyu na namu, fatar ƙafarsa kuma a ɗaure take tamau don kada jini ya taru a ƙasa.

Itatuwanmu kowane da hanyar da ya bi. Kuka namanta taushi ne, jiƙe da ruwa, ba mai sassaƙa turmi da ita, don haka ta biya da kauri, ta haƙura da tsawo. Giginya ta zuba ƙarfinta a zagayen waje, cikinta ɓargo ne mai laushi, ta kuma ƙi yin rassa, shi ya sa take tashi siririya doguwa. Rimi da ya so tsawo da rassa duka, sai da ya fitar da manyan fukafukai a gindi suna tokare shi. Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi.

Ku masu dashen itace, kuma na ji daɗin yawanku a 'yan shekarun nan, ga inda ake kuskure. Ana zuwa wurin masu renon dashe a zaɓi wanda ya fi tsawo. Sau da yawa wannan dogon a cunkushe ya tashi cikin 'yan'uwansa, ya yi ta miƙewa neman rana, bai yi kauri ba, saiwarsa kuma ta nannaɗe a cikin leda. Gajere mai kaurin gindi ya fi shi rai. Sannan a dasa shi a kafa masa sanda, a ɗaure shi ƙam tun daga ƙasa har wuya, wai don kada iska ta taɓa shi. Kaɗawar iskar nan ita ke sa itace ya ƙara nama a gindi. Wanda aka hana motsi tsawo kawai yake yi, ranar da aka kwance igiya sai ya sunkuya, ko iskar farkon damina ta karya shi daidai wurin ɗaurin. In dole sai an tokare shi, a ɗaure ƙasa-ƙasa da tsumma mai laushi, a bar masa sararin rangaji, a cire bayan shekara guda. Kada kuma a yi gaggawar aske masa ƙananan rassan ƙasa don ya yi kyan gani, su ke ciyar da gindi yana kauri. Ka tuna darbejiyar da ka dasa taku biyu daga katanga ba za ta dawwama a yadda ka gan ta ba, saiwarta za ta bazu fiye da inuwarta.

Maginan gargajiya sun san duk wannan da hannu. Katangar tubali mai faɗi ce a ƙasa, tana sirancewa tana hawa, dubi abin da ya rage na badalar Kano. Azarar giginya, duk ƙarfinta da gagarar gara da take yi, ba a shimfiɗa ta ta haye fili mai nisa da nauyin ƙasa a kanta, mita biyu ko kusa da haka ne iyakarta. Da ake son zaure mai faɗi, ba a nemo doguwar azara ba, siffar rufin aka sauya, aka riƙa ɗora gajeru a kan juna suna turowa har su haɗu a sama, aka samu bakan gizo da ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830.

Yau sai ka ga saurayi ya samu kuɗi, yana son falo ninki biyu na na maƙwabcinsa, ya ce wa birkila a zuba bim da rodi irin na can, a dai ƙara tsawo. Bim ɗin da aka ninka wa tazara sau biyu, ƙarfin da ke neman karya shi a tsakiya sau huɗu yake tashi, lotsawarsa kuwa sau 16. Ko a ga gidan da mahaifi ya gina shekara ashirin da suka wuce a matsayin ƙasa-ƙasa, a ce za a ɗora masa bene don a samu ɗakunan haya, harsashi yana nan yadda yake, ginshiƙai suna nan yadda suke. Kuɗin injiniyan da kake ƙyashi bai kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba. Kira shi tun kafin a sauke yashi, ka bar shi ya tona gefen harsashin ya ga zurfinsa da faɗinsa, ya fasa ɗan wuri a ginshiƙi ya ƙirga rodin da ke ciki. In ya ce ba zai ɗauka ba, a ƙara ginshiƙai daga sabon harsashi, ko a gina ɗakunan a ƙasa ta bayan gida.